Malam Jan Biro da Shafin da Ya Zo Na Ɗaya

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da 'yan aji shida a makarantar firamare guda, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya rabu da abu biyu ba: safa a ƙafa da jan biro a aljihun gaba. Biron ne ya ba shi suna. Duk unguwa Malam Jan Biro ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Safar kuwa ita ta cuce mu, amma zan zo kanta.

Idan ƙarshen zangon karatu ya zo, gidanmu kowa shiga taitayinsa yake yi. Baba zai share teburin falo, ya jera takardun yara, ya tara makin kowa sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama. Ko tari ka yi sai ya ɗago kai ya dube ka ta saman tabarau. Akwai shekarar da wani mai shagon kayan gini ya zo da buhun shinkafa, wai a taimaka a ɗaga ɗansa daga na huɗu zuwa na uku. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa har sai da mutumin ya ɗora buhun a kansa da kansa, ya fita da shi kowa yana kallo. Maganar da yake yawan faɗa, wadda muka haddace tun muna ƙanana, ita ce duk wanda ya zo na ɗaya, aikin na ɗaya ya yi. A ajinsa gaskiya ne, domin shi yake duba takardun.

Mu biyu ya haifa, ni da ƙanena da muke kira Auta, kuma duk mun bi ta ajinsa. Ni ce mai zuwa na ɗaya kowane zango, ga ni yau ina taka keken ɗinki a shago mai faɗin tabarma biyu, don haka kada wani ya tambaye ni amfanin abin. Auta kuwa mafi kyawun abin da ya taɓa yi shi ne na talatin da ɗaya cikin talatin da takwas. Baba da hannunsa ya rubuta masa a katin sakamako, da jan biro: "Yana da kai, amma a gida yake barinsa." Mun sha dariya a ranar, har da mahaifiyarmu. Auta bai yi dariya ba. Sai bayan shekaru na gano cewa katin yana nan cikin akwatinsa, a linke, har takardar ta tsage a wajen linkin.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu Baba ya ƙi barin gidansa. Ga ciwon sukari ya kama shi, ƙafafunsa sun mutu da ji, har ya kan taka abu bai sani ba. Kullum da la'asar nake rufe shago in kai masa abinci. Na saya masa babbar waya don ya riƙa kirana in wani abu ya taso, amma kiran bai dame shi ba. Abin da ya gano a cikinta shi ne wurin nan da ake rubuta tambaya, amsoshi su jeru. Ai kuwa sai ya samu abin yi. Da sallama yake fara tambayar, ya rubuta cikakkiyar jimla, ya sa alamar tambaya a ƙarshe, sannan ya buɗe amsar da ta zo a sama. Ita kaɗai yake buɗewa.

Na taɓa ce masa, "Baba, ka riƙa gangarawa ƙasa mana, ka ga abin da sauran suka ce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata," haka yake kirana domin sunan mahaifiyarsa na ci, "in kin shiga aji kina neman amsa, wa za ki tambaya? Na talatin?"

Abin haushin shi ne sau da yawa yana dacewa. Ya nemi tsawon wani kogi, na saman ya ba shi daidai. Ya nemi shekarar da aka ƙera jirgin sama, ya samu. Kowace amsa da ta fito daidai ƙara masa taurin kai take yi. A ganinsa akwai wani malami can cikin na'urar, mai tsoron Allah irinsa, da yake zama ya duba aikin kowane shafi kafin ya jera su.

Auta a lokacin yana da shekara ashirin da tara, kuma ya samu aiki bayan dogon zama. In an tambayi Baba sai ya ce yaron yana aikin kwamfuta, ya faɗa da ɗan alfahari, ko da yake bai san me aikin ya ƙunsa ba. Ni na taɓa zuwa wurin sau ɗaya, na kai masa riga da na ɗinka masa. Ɗaki ne a hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayil, kwamfuta tara a jere, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar, an liƙe tagogi da takarda don kada rana ta haske fuskar na'urorin. A jikin bango akwai farin allo da aka rubuta tambayoyin da mutane suka fi yi, irin su maganin sanƙo, ciwon baya, yadda ake rage tumbi, kowace da lamba a gefenta. Lambar ita ce matsayin shafinsu a jerin amsoshi. Maigidansu, wani mai ƙaramin gemu da ba ya ajiye waya, shi yake goge lambar ya sauya kowace safiya. Na ce a raina, ashe Auta bai bar aji ba, kujera kawai ya sauya.

Wata Asabar da rana ina gidan Baba ina kwashe shanya, sai ga Auta ya shigo kamar an koro shi, ko takalmi bai cire ba.

"Baba, ina wayarka? Rubuta wannan. A'a, bar sallamar. Rubuta maganin gyambon ciwon sukari."

Baba ya rubuta a hankali da yatsa ɗaya. Amsoshi suka fito.

"Ka ga na saman nan? Ni na rubuta shi. Ni na kai shi nan. Wata huɗu ina fama, daga na arba'in da wani abu na taso da shi."

Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon wayar. Shafin mai kyau ne, ba zan yi ƙarya ba. Ga hoton wani likita da farar riga yana murmushi, ga manyan haruffa da ke cewa za ka warkar da gyambo a gida cikin kwana bakwai.

"Na ɗaya?" in ji Baba.

"Na ɗaya, Baba."

"Cikin nawa?"

"Dubbai."

Baba ya sa hannu a aljihu, ya zaro jan biron, ya miƙa masa. Idonsa ya kawo ruwa. Auta ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa, mace mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, na tsaya da kaya a hannu ina jin kishi kamar ƙaramar yarinya, domin duk na ɗayan da na yi ta zuwa ba a taɓa ba ni biron nan ba.

Abin da ni da Auta ba mu sani ba shi ne kwana tara kafin wannan rana wata ƙusa ta huda takalmin Baba na hagu. Bai ji ba sai da ya ga jini a safa. A ƙarƙashin safar da yake sanye da ita yana miƙa biron, akwai rauni a tafin ƙafarsa wanda bai fi maɓallin riga girma ba, kuma ya ƙi rufewa. Ranar Talata mai zuwa ce ranar ganin likitansa. Bai je ba. Ya ce mini an ɗage.

Shafin ya ce a jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi da gishiri safe da yamma. Baba ya yi, da ƙafar da ba ta san zafi ba balle ta gaya masa ruwan ya yi yawa. Shafin ya ce a shafa wani man shafawa a ɗaure tamau, ga lambar waya a ƙasa. Ya kira, aka kawo masa har gida. Shafin ya ce kada a bari likita ya gani, wai su yanka kawai suka sani. Sai ya ƙara jan safarsa sama.

Mako biyar aka yi haka, ina shiga gidan kullum. Wannan shi ne abin da har yau ba na yafe wa kaina. Na ga gishiri yana ƙarewa da wuri, na ce ko maƙwabta ne suke aika yara su ɗiba. Na ga ya hana ni wanke safarsa, na ce tsufa ne. Na ji falon ya cika da turare, har na tsokane shi cewa ko wata ce ta fara kawo ziyara. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Ranar da asiri ya tonu na same shi a kujerarsa jikinsa kamar garwashi, yana magana ba kan gado. Ƙudaje uku suna zaune a kan takalminsa na hagu, kuma na lura an tsaga takalmin ta gefe da reza don ƙafar ta shiga. Na durƙusa zan cire, ya buge mini hannu da gidan tabarau.

"Bari, Uwata. Dafin ne yake fita. Saura kaɗan."

Ban saurare shi ba. Safar ta manne da nama, sai da na sa almakashina na yanka ta. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya haura har idon sawu, warin kuwa ya sa na fita tsakar gida na yi amai kafin na iya kiran mota. A gefen kujerar na tsinci littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya ja layi da rula, ya rubuta kwanan wata, kowace rana da bayaninta a tsabtace. Rana ta sha biyu: an samu ci gaba. Rana ta ashirin: fata ta fara duhu, shafin ya ce alama ce mai kyau.

A asibiti likitan bai ɓata lokaci ba. Ya ce sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma yau, in ba haka ba ran ne zai tafi. Na tambaye shi, da mun zo da wuri fa? Ya ce a makon farko wanki ne da magani da hutawa. Ya faɗa a hankali, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata nas mai jiki, wadda da gani ta gaji da irin wannan labari, ta ce in nuna mata abin da ya karanta. Na buɗe mata a wayarsa. Ta riƙa ja da babban yatsa tana tsaki.

"Duba nan, 'yar'uwa. Wa ya rubuta? Babu suna. Likitan nan a wane asibiti yake? Ba su faɗa ba. Daga ina suka samo maganar? Shiru. Sai lambar waya a ƙasa, ki kira ki saya. Duk shafin da ya hana ki zuwa wajen likita kuma yake da abin sayarwa, ki san kasuwa kika shiga."

Ta koma baya, ta gangara ƙasa, ta wuce na biyu, na uku, har na bakwai. Wani shafi ne na asibitin koyarwa, babu hoto, babu ado, rubutu ƙanana. Akwai sunan likitar da ta rubuta da ranar da aka sake dubawa. Layin farko ya ce mai ciwon sukari da ya ga rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, ya nemi asibiti ba tare da jira ba, kuma kada ya jiƙa shi a ruwan zafi. Tsakanin wannan shafi da wanda Baba ya bi, jan yatsa biyu ne kawai.

Auta ya iso ana shirin shiga da Baba ɗakin tiyata. Na tare shi a baranda, na manna masa wayar a ƙirji. Ya duba, ya dubi fuskata, sai ya zauna a ƙasa. Ban tausaya masa ba a lokacin, Allah ya sani.

"Ka san yana da sukari," na ce. "Ka sani, ka kawo masa wannan."

"Wallahi Yaya na buɗe baki zan ce masa kada ya bi abin da ke ciki. Sai na ga yadda yake kallona. Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini irin kallon nan ba. Na ce gobe zan faɗa masa."

"Goben ta zo?"

Ya kife wayar a cinyarsa.

Kwana huɗu bayan aikin Baba ya dawo hayyacinsa sosai. Da hantsi ne, an buɗe tagogin ɗakin, bargon ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Ya sa aka ɗaga masa filo, ya sa tabarau, ya ce Auta ya matso.

"Zauna. Ina so ka yi mini bayani, kamar kana gaban aji. Wa yake duba takardun nan kafin a jera su?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Ba mutum ba ne, Baba. Na'ura ce take lissafi."

"Me take lissafawa?"

"Abubuwa da yawa. Tana duba ko kalmomin da mutum ya rubuta suna cikin shafin. Tana duba shafuka nawa ne suke nuni zuwa gare shi, suna cewa a je can. Tana duba ko sabo ne. Wani lokaci kuma na can sama kuɗi aka biya, za ka ga an rubuta talla da ƙananan haruffa."

"Naka fa?"

"Nawa ba talla ba ne. Muna da wasu ƙananan shafuka kusan arba'in, duk namu ne, kowane yana nuna wannan yana cewa shi ne mafi kyau. Duk wata ina sauya kwanan watan ya zama kamar jiya aka rubuta. Masu na'urar suna ƙoƙarin kama irinmu, suna kamawa ma. Amma a harshenmu rubutu kan ciwon nan bai da yawa, babu masu takara sosai, shi ya sa muka haye."

"Wato yara arba'in suka haɗa baki suka ce wane ne gwani."

"Haka ne, Baba."

"Kuma duk arba'in ɗin kai ne."

"Ni ne."

"Likitan da ke hoton?"

"Hoton saye aka yi. Mutumin nan yana wani shafin namu yana tallan fenti."

Wani majinyaci a gadon gefe ya yi dariya, matarsa ta zungure shi. Baba bai ko juya ba.

"Abin da ka rubuta, ka san ƙarya ne?"

"Ban sani ba ko ƙarya ne ko gaskiya. Maigida ya ba ni takardar masu maganin, na gyara, na ƙara. Ban tambayi kowa ba."

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya miƙa hannu. "Ba ni birona."

Yana aljihun Auta, ashe tun ranar nan bai rabu da shi ba. Ya ciro ya ba shi yana kuka kamar ba namiji mai gemu ba. Na ɗauka ƙwacewa Baba ya yi, kuma a raina na ce ya yi daidai. Amma sai ya ce in miƙo masa littafin nan nasa mai layi, wanda na taho da shi don likita ya gani. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora a cinya, ya zana babban sifili da ja, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, kamar yadda yake yi wa wanda ya kwafi amsa. A takardarsa ya zana shi, ba a ta kowa ba.

"Shekara ashirin ina jiran ranar da zan ga yaron nan ya zo na ɗaya," ya ce, ni yake kallo. "Da ranar ta zo, ban duba aikin ba. Na ga abubuwa a ciki da suka tsaya mini a rai, Uwata, na gani sarai. Na ce in na gangara ƙasa na nemi wata amsa, kamar na sake ce masa bai iya ba ne. Sau ɗaya a rayuwata na ba da maki don ina son mai takarda."

Ya mayar da murfin biron, ya sa a aljihun rigar asibiti. Auta ya kifa kansa a bakin gadon, daidai wurin da babu komai, Baba ya ɗora masa hannu a ƙeya ya bar shi a nan.

Yanzu wata takwas ke nan. Baba yana gidana, a ɗakin da ke kusa da ƙofa don keken guragu ya samu hanya. Ba ya taɓa wayar sai in an kira shi. Jikokinsa in sun kawo masa aikin gida yana dubawa, amma ya daina rubuta maki, sai dai ya nuna kuskure da yatsa. Auta ya bar aikin a makon da aka sallamo mu. Kafin ya tafi ya roƙi maigidan ya sauke shafin, har ya nuna masa hoton ƙafar. Mutumin ya ce Allah ya ba Malam lafiya, ya kuma ce shafin na kamfani ne, ba na Auta ba. Mun kai ƙara inda ake kai ƙara a cikin na'urar, ni da Auta, sau shida. Yanzu Auta yana shagon tayil ɗin da ke ƙasa, yana ɗora kwali a mota, kuma kullum da yamma shi yake zuwa ya ɗaga Baba ya kai shi wanka.

Yau da safe, kafin in fara ɗinki, na rubuta tambayar a wayata, kamar yadda nake yi duk ranar Asabar. Shafin yana nan a sama, likitan fenti yana murmushi, kwanan watan na shekaranjiya ne. Wani ne ya gaji kujerar Auta, kuma da alama ya iya aikin. Na ajiye wayar, na ɗauko sabon wandon Baba, na linke ƙafar hagu daga gwiwa, na bi ta da ɗinki.